Ɗora Karatu da Shirye-shirye a WordPress: Fileyar Gida, Fulogin, ko Aron Rumbun Wasu?

Duk shekara da zarar Sha'aban ya raba tsakiya sai wayata ta fara ƙara. Kwamitin masallaci na son a riƙa ɗora tafsirin malam kullum a shafinsu. Wani ƙaramin gidan rediyo na son wurin ajiye shirye-shiryensa na mako. Wata marubuciya tana karanta labarinta babi-babi, ta gaji da yadda yake warwatse a guruf-guruf na WhatsApp, tana son a same shi wuri guda. Tambayarsu kusan ɗaya ce: wane fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, manhajar gina shafin intanet) ne ya fi kyau na odiyo? Ni kuwa nakan mayar musu da tambaya, abin da ba kowa yake so ba. Fayil ɗin naka nauyinsa nawa, a ina zai zauna, kuma da wace irin waya za a saurare shi?

Fileyar da ake gani a fuskar shafi, mai alamar kunnawa da ɗan layin nan da ke tafiya, ƙofa ce kurum. Kayan suna cikin ɗaki. Mafi yawan kukan da ake kawo mini na "fileya ta ƙi yi" idan na bincika sai in tarar fileyar lafiyarta ƙalau, fayil ɗin ne ya yi nauyi, ko an ajiye shi inda bai dace ba, ko sunansa ne ya sami matsala. Saboda haka kafin mu gwada hanyoyin, bari mu auna kayan.

MP3 da aka matse a kan 128 kbps, ma'aunin yawan datar da sauti ke ci, yana cin kilobait 16 a kowace daƙiƙa, wato kusan megabait 1 a minti, megabait 57.6 a awa. Zaman tafsir na awa ɗaya da rabi ya kama megabait 86 ke nan, na kwana 30 kuwa ya kusa gigabait 2.6. Idan aka sauke shi zuwa 64 kbps aka mai da shi mono, wato sauti mai hanya ɗaya, zama ɗaya ya koma megabait 43. A 32 kbps bai kai 22 ba. Muryar mutum guda da ke magana ba ta bukatar abin da kiɗa yake bukata: 64 ya ishe ta har da ragi, 48 ma ba laifi. Ƙasa da haka murya takan fara yin kamar ana magana a cikin tulu, musamman idan masallacin yana da amsa-kuwwa ko akwai mai jan baƙi. Waƙa da kiɗa kuwa a bar su a 128 zuwa sama, sitiriyo, wato mai hanya biyu. Audacity, manhajar gyaran sauti ta kyauta, tana yin wannan matsi a wajen fitar da fayil, kuma tun 2019 ba sai an nemo mata wani ƙarin abu ba kafin ta fitar da MP3. A zaɓi matsi mai tsayayyen ma'auni, wanda aka rubuta Constant, domin mai hawa da sauka wani lokaci yakan sa fileya ta nuna tsawon karatun ba daidai ba.

Wannan lissafin yana da fuska biyu. Mai sauraro datarsa ce ke ƙonewa. Kai mai shafi kuma sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta, ita ce ke ɗaukar lodin. A ce mutum 500 sun saurari zama ɗaya mai megabait 43 har ƙarshe: kusan gigabait 22 ya fita daga sabarka a rana guda, a wata ya doshi 650. Kamfanonin hostin (masu ba da hayar sabar) masu araha sukan rubuta "ba iyaka" da manyan baƙaƙe, amma a cikin sharuɗɗansu za ka tarar sun hana mai da wurin rumbun rarraba fayiloli. Na taɓa ganin haka da idona: ana tsakiyar azumi, jama'a sun saba shiga kullum bayan tarawi, sai kawai kamfanin ya dakatar da shafin, wai mun takura wa maƙwabta a kan sabar. Ba su yi ƙarya ba. Mu ne ba mu karanta ba.

Fileyar da ta zo da WordPress

Mutane da yawa ba su san cewa WordPress yana kunna sauti da kansa ba tare da an sa masa komai ba. Tun fitowar 3.6 a watan Agustan 2013 aka haɗa masa fileya da aka gina a kan MediaElement.js, sannan 3.9 a Afrilun 2014 ya ƙaro jerin sauti, inda fayiloli da yawa ke bin juna a fileya ɗaya. Da sabon editan bulok, inda ake haɗa shafi guntu-guntu, ya zo a 5.0, Disamban 2018, sai aka sami bulok mai suna Audio. Ka danna shi, ka zaɓi fayil ko ka liƙa linkinsa, shi ke nan.

Bulok ɗin Audio ba ya kawo tasa fileyar, ta burauzar mai sauraro yake kira. Shi ya sa kamanninta a Chrome daban, a Safari na iPhone daban, kuma ba ka da ikon yi mata launin da ya dace da shafinka. Wasu wannan ne ke damunsu. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinta. Ba ta jawo wani lodin JavaScript, kod ɗin da ke motsa abubuwa a shafi, ba ta faɗa da sauran fulogin, kuma babu ranar da za a wayi gari mai ita ya daina kula da ita. A Chrome akwai ɗigo uku a gefenta masu ba da damar sauke fayil ɗin da kuma ƙara ko rage saurin magana, abubuwa biyun da wasu fulogin ke sayarwa.

Akwai saiti ɗaya a gefen dama da bai kamata a tsallake ba, shi ne Preload. Idan aka bar shi a Auto, burauza tana iya fara jan sautin tun mutum bai danna komai ba. Ka ɗauka shafi ɗaya ne mai fileya 30, kowace tana ɗan ja: mutum ya shigo duba abu ɗaya, datarsa ta tafi bai ji ko bisimilla ba. A sa shi a None. Abin da za a rasa kawai shi ne tsawon karatun ba zai bayyana ba sai an kunna, kuma wannan ana iya rubuta shi da hannu a ƙasan fileyar tare da nauyin fayil ɗin. Masu sauraro suna jin daɗin a gaya musu "minti 88, megabait 42" kafin su yanke shawara.

Inda ta gaza kuwa a fili yake. Ba ta tuna inda mutum ya tsaya, idan ya rufe shafin a minti na 50 gobe sai ya lalubo da yatsa. Da ya danna wani shafi sauti ya yanke. Ba ta ƙirga maka mutum nawa suka saurara. Jerin sautin nan na 3.9 kuma da fayilolin da ke cikin Media Library, ma'ajiyar fayilolin WordPress, kaɗai yake aiki, ba ya karɓar linkin waje, wanda ke nufin idan kana son sa dole kayan su zauna a sabarka, mu koma kan matsalar lodi.

Ɗora fayil a Media Library ma yana da tasa ƙofar ƙunci. Asalin saitin PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi a sabar, megabait 2 ne kacal ga fayil ɗaya, 8 ga duk abin da aka tura a lokaci guda. Kamfanonin hostin sukan ɗaga shi, kuma WordPress yana rubuta iyakar a ƙasan wurin ɗorawa. Idan ta yi kaɗan, a cPanel, shafin sarrafa hostin ɗinka, ake gyarawa, a MultiPHP INI Editor ko Select PHP Version, gwargwadon wanda kamfanin ya bayar. Lambobi biyu ake ɗagawa tare, upload_max_filesize da post_max_size. Wanda ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya bai yi komai ba. Idan shafin yana bayan Cloudflare (kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da baƙinsa) na kyauta, akwai wata iyakar ta megabait 100 da cPanel ba ta da iko a kanta. Mai babban fayil ko mai netwok da ke yankewa gara ya bi ta FTP, hanyar tura fayil kai-tsaye zuwa sabar, da manhajar FileZilla, wadda take iya ci gaba daga inda ta tsaya. Fayil ɗin ba zai fito a Media Library ba, amma linkinsa zai yi aiki a bulok ɗin.

Fulogin, da abin da ake saye da shi

Sa fulogin ba aiki ba ne: Plugins, Add New, a rubuta sunan, Install Now, Activate. Wanda aka saya kuma fayil ɗin zip ake ɗorawa ta Upload Plugin. Mai shafi a tsarin kyauta na WordPress.com shi kam ba shi da wannan ƙofar, ba a ma barinsa ya ɗora MP3, haka mai Blogger. Su biyun sai dai su duba hanyoyin da ke ƙasa. Abin da ke da wuya shi ne zaɓe, kuma kuskuren farko shi ne zuba fulogin ɗin sauti duka a kwando ɗaya alhali gida biyu ne.

Gida na farko masu kwalliya ne da sauƙaƙa sauraro. Compact WP Audio Player ɗan maɓalli ne ƙarami da ake sakawa da gajeren kod, ya dace da inda ake son sauti a tsakiyar rubutu, kamar shafin koyar da furucin kalmomi inda kowace kalma take da nata. MP3 Audio Player na Sonaar shi ne mai ado, da hoton bango da jerin waƙoƙi da zanen igiyar sauti, kuma wasu abubuwan nasa sai an biya. Mawaƙi ko mai sayar da sauti zai so shi. Wanda ke ɗora darasin awa biyu ya tambayi kansa ko zanen igiyar sauti zai ƙara wa ɗalibi fahimta, domin duk wannan adon fayiloli ne da wayar mai sauraro za ta sauke kafin alamar kunnawa ta bayyana. A Wi-Fi na ofis ba a ji. A ƙaramar Android mai ƙwaƙwalwar gigabait 2, a unguwar da netwok ke sauka zuwa 3G da magariba, ana ji sosai.

Gida na biyu su ne na fodkas, wato shirin sauti da ake fitarwa kashi-kashi a intanet, manyansu PowerPress na kamfanin Blubrry da Seriously Simple Podcasting na Castos. Su ba don fileya ake sa su ba, ko da yake suna da ita. Aikinsu shi ne su haɗa maka abin da ake kira RSS, wato jerin da manhajojin fodkas ke karantawa, da duk bayanan da Apple Podcasts da Spotify ke nema: sunan shiri, rukuninsa, harshensa, da hoton bango mai murabba'i wanda Apple ya ce kada ya gaza 1400 kada ya wuce 3000 a kowane gefe. Ka ba su adireshin jerin sau ɗaya, daga nan duk darasin da ka ɗora zai isa wayar wanda ya yi rajista da kansa. Seriously Simple ya fi sauƙin hannu, yana ware wa darussa wurinsu daban da sauran rubuce-rubuce, kuma yana barin ka raba silsila-silsila, tafsir da nasa jerin, fiƙihu da nasa, hadisi da nasa. PowerPress ya fi shi yawan saiti, abin da gwani zai yaba, sabon shiga kuma ya ruɗe. Dukansu suna karɓar linkin fayil da ke zaune a wani wuri, kuma wannan ne abin da ya fi muhimmanci a wurina.

Sai dai a yi wa kai gaskiya game da masu sauraro. A abin da nake gani, yawancin mutanenmu ba ta manhajar fodkas suke jin karatu ba. Saukewa suke yi su tura wa juna ta WhatsApp da Telegram da Xender, ko su kai memori wurin masu turi a kasuwa a cika musu. Google Podcasts, wadda ita ce mafi kusa da mai Android, an rufe ta a 2024. Waɗanda RSS ke yi wa amfani sosai su ne ɗalibai da ma'aikatanmu na ƙasashen waje da 'yan bokon da suka saba da abin. Idan su kake nufi, sa fulogin ɗin fodkas. Idan ba su ba ne, kada ka ɗora wa kanka.

Akwai kuma bashin da kowane fulogin ke bin mai shafi, wanda ba a gani sai an daɗe. Waɗanda suka fara harkar nan kafin 2013 za su tuna wata 'yar siririyar fileya mai suna Audio Player da Martin Laine ya rubuta, wadda ta cika shafukan duniya a lokacin. Da Flash take aiki, wata manhajar kamfanin Adobe mai kunna sauti da bidiyo a burauza. iPhone bai taɓa karɓar Flash ba, sannan Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen Disamban 2020, ya toshe shi gaba ɗaya ranar 12 ga Janairun 2021. Duk shafin da bai sauya ba sai ya wayi gari da ramuka a inda sauti yake. Haka a Agustan 2020, da WordPress 5.5 ya daina loda wani kod mai suna jQuery Migrate, tsofaffin fulogin da yawa da suka dogara da shi suka tsaya cak. Abin da ya fi ciwo shi ne kowane fulogin da irin gajeren kod ɗinsa. Ranar da ka cire shi, kod ɗin zai fito tsirara a matsayin rubutu a kowane shafi da ka sa shi. Idan darussa 400 ne, gyara 400 ke jiranka.

Don haka kafin ka danna Install, duba abu uku a shafin fulogin ɗin: yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, shafuka nawa ke amfani da shi, kuma ana amsa koke-koken mutane ko an bar su suna magana su kaɗai. WordPress da kansa yana liƙa gargaɗi a kan wanda ba a gwada shi da manyan fitowa uku na baya-bayan nan ba. Fulogin ɗin kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf, wanda aka fasa, shi kam ko da wasa. Arha ce mai tsada: sau da yawa an cusa masa ƙofar baya, wata rana sai ka ga shafin masallaci yana tura mutane wurin caca.

Aron rumbun wasu

Hanya ta uku ita ce ka ɗora sautin a wani dandali, ka kawo fileyarsu ka dasa a shafinka. Lodi ya bar wuyanka gaba ɗaya, kuma sukan ba ka ƙididdigar masu sauraro. Da SoundCloud da Spotify da Mixcloud, linki kawai za ka liƙa a layi shi kaɗai, WordPress ya mai da shi fileya. Audiomack kuma za ka kwafo kod ɗin dasawa ka sa a bulok ɗin Custom HTML.

SoundCloud na kyauta 'yan awanni kaɗan yake bayarwa, tafsirin kwana biyu ya cinye su, saura sai biyan wata-wata da kuɗin waje, kuma duk wanda ya taɓa fama da katin naira a wajen biyan dala ya san ba kullum abin ke tafiya ba. Audiomack, wanda aka kafa a New York a 2012 ya kuma buɗe ofis a Legas a 2020, ba ya karɓar kuɗin ɗorawa, kuma matasanmu da yawa suna da manhajarsa a waya. Ga mawaƙi wannan babbar riba ce, domin can ne kasuwar take. Spotify for Creators, wanda asalinsa Anchor ne kafin Spotify ya saye shi a 2019, yana ajiye fodkas kyauta kuma ya haɗa maka RSS ba sai ka sa fulogin ba.

Abin da ake biya a nan ba kuɗi ba ne, iko ne. Fileyar tasu shafi ce sukutum a cikin shafinka, da nata lodin; guda 10 a wuri ɗaya sun isa su durƙusar da ƙaramar waya. Saukewa galibi sai a cikin manhajarsu, ba fayil ɗin da mutum zai tura wa mahaifiyarsa a ƙauye ba. Dandalin kiɗa kuma dandalin kiɗa ne: talla na iya shigowa, kuma wanda ya bi linki ya shiga manhajar zai tarar da abin da suka ga dama a gefen karatun malam. Wani kwamitin bai damu ba, wani kuwa ba zai lamunta ba, gara a tambaye su tun kafin a ɗora. Sannan idan ka buɗe shirinka da kiɗan wani ba da izini ba, suna iya sauke shi ba tare da sun ji ta bakinka ba.

Akwai wata hanya a tsakani, ita ce na fi yawan bai wa mutane. Ka ajiye fayil ɗin a rumbun waje mai ba da linki kai-tsaye, wato wanda ya ƙare da .mp3, sannan ka liƙa shi a bulok ɗin Audio na gida. Fileya marar nauyi, lodi a wuyan wani. Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996, yana karɓar sauti kyauta, ba talla, kuma kowane fayil yana da linkinsa da ya fara da archive.org/download. Tuni akwai karatuttukan malaman Hausa jibge a can. Amma abin da ka sa a nan na kowa ne, bai dace da darasin sayarwa ba. Wani lokaci yakan ɗan yi jinkirin farawa. Kuma a Oktoban 2024 an kai masa harin intanet da ya rufe shi kwanaki. Mai ɗan ilimin fasaha yana iya duba Cloudflare R2, wanda ke ba da gigabait 10 na ajiya kyauta kuma ba ya cajin abin da aka sauke komai yawansa. A 64 kbps, gigabait 10 ya ɗauki sama da awa 340 na magana. Sai dai saita shi ya fi na Archive wuya, kuma suna neman kati tun wajen buɗewa. Google Drive kuwa a bar shi: linkinsa shafi yake buɗewa ba fayil ba, dabarun juya shi suna aiki yau su mutu gobe, kuma idan masu saukewa suka yi yawa yakan rufe fayil ɗin na wani lokaci, daidai ranar da aka fi bukatarsa.

Idan ta ƙi yi

Ko wace hanya ka bi, gwajin farko ɗaya ne, kuma yana raba gardama cikin daƙiƙa goma. Kwafi linkin fayil ɗin shi kaɗai, ka buɗe shi a sabon shafin burauza. Idan ya kunna, laifin yana wajen fileya ko shafin. Idan bai kunna ba, ka bar fulogin ya huta, ba shi ba ne.

Idan 404 ya fito, wato ba a ga fayil ɗin ba, sunan ne. Mu masu rubuta Hausa muna da tarko na musamman a nan: fayil mai suna "Wa'azin Ɗan'uwa kashi na 1.mp3" yana da alamar ɗauri biyu, da harafi mai lanƙwasa, da tazara huɗu. Media Library yakan share irin waɗannan da kansa, FTP kuwa yadda ka ba shi haka zai ajiye, kuma alamar ɗaurin nan tana iya yanke gajeren kod a tsakiya. A rubuta sunan fayil da ƙananan baƙaƙe zalla da lambobi da karan ɗori, kamar tafsir-1446-01.mp3, a bar Hausa mai kyau ga kanun da mutane za su karanta. Sabar Linux kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami, Tafsir.MP3 da tafsir.mp3 abu biyu ne a wurinta. Sifirin da ake sawa kafin lambar, kamar 01 da 02, shi ke hana darasi na 10 ya riga na 2 a jeri. Idan 403 ne, wato an hana shiga, duba Hotlink Protection a cPanel, ko izinin fayil ɗin, wanda ya kamata ya zama 644.

Wata matsalar da ta yawaita a wurinmu ita ce ta nau'in fayil. Saƙon murya na WhatsApp Opus ne, wasu ƙananan wayoyi kuma AMR suke naɗa. Sai mutum ya goge ƙarshen sunan ya rubuta .mp3 ya ɗauka ya juya shi. Sauya wa buhu suna ba ya sauya hatsin da ke ciki. Wata burauzar za ta daure ta kunna, wata ta ƙi, sai a ce fileya tana zaɓen waya. A juya shi da gaske da manhajar juya sauti. MP3 ne kaɗai ban taɓa ganin wayar da ta ƙi shi ba.

Idan fayil ɗin lafiya lau amma a shafi shiru, duba farkon linkin. Shafin da ke kan https ba ya son sauti daga http. Tun Chrome 80 a Fabrairun 2020 burauzar takan gwada mai da linkin https da kanta, idan bai yiwu ba ta toshe shi. Wannan yakan kama tsofaffin darussa bayan an sa wa shafi SSL, wato an mai da shi https, kuma fulogin ɗin Better Search Replace yana gyara su duka a lokaci guda, bayan an ɗauki kwafin ajiya. Mai kukan cewa ya sa sauti ya riƙa tashi da kansa amma ya ƙi, ba lalacewa ba ce: Chrome ya hana hakan tun fitowa ta 66 a Afrilun 2018, Safari ma ya riga shi. Ni dai na gode musu, domin babu wanda ke son wayarsa ta ɓarke da magana a cikin sahu ko a ɗakin taro.

Akwai mai wuyar ganewa: sauti yana kunnuwa amma ba a iya tsallakawa gaba, ko yana yi a Android ya ƙi a iPhone. Galibi sabar ce ba ta iya ba da fayil gutsure-gutsure, abin da ake gane shi da amsa mai lamba 206 maimakon 200. Safari ya dage a kan wannan, Apple Podcasts ma haka. Yakan faru idan an bi da fayil ɗin ta wani fulogin na ƙirga saukewa ko na ɓoye linki. A cire shi daga tsakani a gani, idan bai warware ba a yi wa kamfanin hostin magana.

Sai wanda laifin fulogin ne da gaske: fileya ba ta fito ba sam, ko ta fito ana danna ta ba motsi. Kusan kullum faɗan JavaScript ne. Wanda ake fara tuhuma shi ne fulogin ɗin ƙara sauri da ke haɗe fayilolin JavaScript ko jinkirta su, da Rocket Loader na Cloudflare. A kashe wannan saitin, a share kash, wato tsohon kwafin shafin da aka adana, a sake gwadawa. Idan bai yi ba, fulogin ɗin Health Check & Troubleshooting yana barin ka kashe duk fulogin ka koma tim (rigar da ke ba shafi kamanninsa) na asali a idonka kai kaɗai, baƙi suna ganin shafin yadda yake, sai ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Idan da komawa tim na asali abin ya gyaru, mai yiwuwa wanda ya ɗinka maka naka ya manta da wp_footer, inda yawancin fileyoyi ke loda kayan aikinsu.

To, wa zai ɗauki wanne? Masallaci ko makarantar da ke ɗora dogayen darussa don jama'a su ji su kuma yaɗa: MP3 mono a 64 ko 48, a ajiye a Internet Archive ko R2, bulok ɗin Audio da Preload a None, ba fulogin ko ɗaya. Idan daga baya aka ga ana neman shirin a manhajojin fodkas, a ƙara Seriously Simple a kan waɗannan linkunan dai, ba sai an sake ɗora komai ba. Gidan rediyo mai shirye-shirye da yawa da ma'aikacin da zai kula, PowerPress ko Seriously Simple tun farko. Mawaƙi ya tafi Audiomack ya dasa fileyarsu, in yana son ado a shafinsa ya ƙara Sonaar. Mai gajerun sautuka 'yan ƙalilan, na minti biyu ko uku, ya zuba su a Media Library ya manta da duk wannan dogon zance.

Kowanne ka zaɓa, sa linkin saukewa na rubutu zalla a ƙarƙashin fileyar. Har yanzu akwai masu shiga da Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani, inda sabar Opera ce ke tauna shafin kafin ta miƙo shi, kuma fileyoyi masu dogaro da JavaScript sukan mutu a hanya. Linki kuwa yana isa. Asalin fayilolin kuma su zauna a had-dis ɗin kwamfutarka ko wani wuri na biyu, ba a rumbun aro kaɗai ba. Kafin ka sanar da jama'a, kashe Wi-Fi, ka karɓi ƙaramar wayar mai gadi ko ta ɗan acaɓan unguwa ka buɗe shafin da data, ka kunna, ka ja layin zuwa minti na 40, ka kulle fuskar wayar ka ji ko sautin ya ci gaba. Sannan ka nemi mai iPhone ya yi haka shi ma.